An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Dokar Mata da 'Yan Kawo-Kai a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Ranar 6 ga Yuni, 2025, wata mai shari'a a birnin Oakland na jihar Kalifoniya, Claudia Wilken, ta sa hannu a kan takardar sulhun da ta ƙayyade wa manyan jami'o'in Amurka yawan samarin da kowace za ta iya ajiyewa a ƙungiyar ƙwallonta. Mutum 105, ba ƙari. Wanda ya saba da Kano Pillars ko CF Mounana ta Libreville, inda 'yan wasa 30 kan ishi kulob kaka guda har da rara, zai ce ai wannan runduna ce. A can kuwa kuka aka yi. A lokacin yawancin manyan ƙungiyoyin suna riƙe da wajen mutum 120, ta Jami'ar Nebraska ma ta kai kusan 150, kuma kocinta, Matt Rhule, ya ga alamar shi ne zai riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya yana cewa su kwashe kayansu. Shi kansa lokacin da yake ɗalibi a Penn State ba wanda ya gayyace shi ƙungiya, shi ya kai kansa.

Ba a jima ba aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, kuma kamar yadda aka saba shekara 50, aka nuna wa dokar da ta ba mata rabo a wasannin makaranta yatsa. Zargin yana da ɗan tushe, shi ya sa ya ƙi mutuwa. Amma duk wanda ya bi lissafin tun daga farko zai ga an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ba irin ƙwallon su Aubameyang ake magana ba. Zari-ruga ce irin ta Amurka, wadda ake yi da hular kwano da sulken kafaɗa, ƙarti suna gwabza ƙirji. Mutum 11 ne a fili daga kowane ɓangare, sai dai masu kai hari dabam, masu tsaron gida dabam, masu bugu da ƙafa dabam, ana canji ba iyaka, ga targaɗe da karaya kowane mako. Duk da haka ƙwararrun gasar NFL, waɗanda sana'arsu ke nan, mutum 53 kowane kulob yake yi wa rajista. Jami'a, wadda aka ce wurin karatu ce, ita ce kafin sulhun take riƙe da ninki biyu har da ɗoriya. Filin Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, gidajen talabijin suna zuba biliyoyin daloli don nuna wasannin, kuma a jihohi da dama kocin ƙwallon jami'a ya fi kowane ma'aikacin gwamnati albashi, har gwamna.

Samarin da ke cikin wannan runduna iri biyu ne. Akwai waɗanda koci ya je har gidan iyayensu ya roƙo, aka ɗauke musu kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta daɗe tana taƙaita yawansu don kada masu kuɗi su kwashe yara masu kyau su ajiye a benci: 105 a 1973, aka rage zuwa 95 a 1978, sannan 85 tun farkon shekarun 1990. Ragowar kuwa, mutum 30 ko 40 ko fi kafin sulhun, su ne 'yan kawo-kai. Ɗalibai ne da suka shigo jami'a da kuɗin iyayensu ko da bashi, suka je suka ce a gwada su.

Rayuwar ɗan kawo-kai ba ta da ban sha'awa. Asubar fari yana wurin ɗaga ƙarfe, ya tafi aji, da la'asar ya dawo fili. Aikinsa a atisaye shi ne ya kwaikwayi salon ƙungiyar da za a kara da ita ranar Asabar, domin taurarin gida su koyi yadda za su murƙushe ta, wato dai shi ake murƙushewa daga Litinin zuwa Alhamis. Wani sai ya yi shekara 4 bai taɓa ƙwallo a wasan gaske ba. Kafin 2014 ko abincin da ake dafa wa ƙungiya sai ya biya kafin ya ci. Abin da ke riƙe da shi begen ranar da koci zai tsaya gaban jama'a ya ce daga yau an ɗauke masa kuɗin makaranta.

Wani lokaci begen kan cika, kuma Amurkawa na son irin wannan labari matuƙa. Baker Mayfield ya kai kansa Texas Tech, ya sake kai kansa Oklahoma, ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 2017, aka kuma fara zaɓarsa a NFL a 2018. J.J. Watt ya yi aikin kai wa mutane fiza gida kafin Wisconsin ta yarda ta gwada shi. Stetson Bennett, wanda aka raina don gajarta, ya ci wa Georgia kofin ƙasa sau biyu a jere. A Nebraska abin ya wuce labarin mutum ɗaya. Jiha ce ta manoman masara, ba ta da kulob a NFL, kuma a zamanin koci Tom Osborne, daga 1973 zuwa 1997, kusan kowane ƙauye yana da ɗansa a ƙungiyar jami'a ko da a ƙarshen benci ne. Uban da ɗansa ke sanye da jar riga ba ya fashin sayen tikiti. Tun 1962 ba a yi wasan gida da tikiti ya yi kwantai ba.

Dokar da ba ta ambaci wasa ba

Dokar da ake zargi ita ce wadda suke kira Title IX, Babi na Tara na gyaran dokar ilimi da shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu ranar 23 ga Yuni, 1972. Jimla ɗaya ce mai kalma 37, kuma babu wasa ko ƙwallo a cikinta. Cewa kawai ta yi duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon ware mutum saboda jinsinsa. Waɗanda suka tsaya mata, Edith Green da Patsy Mink a majalisar wakilai da Birch Bayh a ta dattawa, hankalinsu yana kan guraben karatun likita da lauya da ɗaukar malamai mata. Ita Mink ta nemi makarantun likitanci da dama suka ƙi ta.

Masu ƙwallo ne suka fara hango inda abin zai kai. A 1974 Sanata John Tower na Texas ya nemi a cire wasannin da ke kawo kuɗi daga hukuncin dokar, bai yi nasara ba. A 1979 gwamnati ta fitar da ma'auni mai hanya uku, makaranta ta zaɓi wadda za ta bi. Ko dai rabon guraben wasa tsakanin maza da mata ya yi daidai da rabonsu a cikin ɗalibai, ko ta nuna tana ƙara wa mata wasanni a kai a kai, ko ta tabbatar ta biya duk buƙatar matan da ke son wasa kuma suke iyawa. Shekarun 1980 dokar barci ta yi, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1984 a shari'ar kwalejin Grove City da ya kusa fitar da wasanni daga ƙarƙashinta, har sai da majalisa ta mayar mata da ƙarfinta a 1988 bisa rinjaye, duk da ƙin amincewar shugaba Reagan.

Farkawar gaske ta zo daga Jami'ar Brown. A 1991 ta janye kuɗi daga ƙungiyoyi huɗu, biyu na maza biyu na mata, tana ganin ta yi adalci. Wata 'yar wasan alkafura, Amy Cohen, da abokanta suka kai ƙara a 1992. Jami'ar ta ce maza sun fi mata son wasa, don haka ba laifi su fi yawa. Kotu ta amsa cewa sha'awa ba ta tsiro inda aka daɗe da rufe ƙofa, kuma ba a auna ta da sakamakon wariyar da ake son gyarawa. Brown ta sha kaye a 1996, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ta a 1997. Daga nan lauyoyin jami'o'i suka ba iyayen gidansu shawara ɗaya: ku bi hanya ta farko, ku daidaita lamba, ita ce ba a jayayya da ita a kotu.

A nan ɗan kawo-kai ya shiga uku. Dokar kai take ƙirgawa, ba ruwanta da ko an biya wa mai kan kuɗin makaranta ko shi ya biya, ko ya buga wasa ko benci ya ɗumama. Mata kuwa sun zarce maza yawa a jami'o'in Amurka tun wajen 1980. A ɗauki misalin jami'ar da kashi 55 cikin 100 na ɗalibanta mata ne. Tana da maza 120 a ƙwallo, da wasu 180 a sauran wasanni, 300 ke nan. Kafin lissafi ya daidaita sai ta samar wa mata guraben wasa wajen 367, alhali da wuya a sami wasan mata da ke cin mutum ko rabin na ƙwallon. Idan ta sallami 'yan kawo-kai 30, maza suka koma 270, mata 330 sun wadatar. An huta da neman mata 37, da kocinsu da motarsu da kayan wasansu. Daraktan wasanni da ke da gibi a kasafi ba ya buƙatar dogon tunani.

Sai aka shiga yi wa kocin maza rufi, ana yi wa kocin mata ƙasa. A ce wa na kokawa kada ya wuce kaza, a ce wa ta ninkaya kada ta gaza kaza. Wasan da ya fi cin moriyar wannan shi ne tseren kwale-kwale na mata, wanda NCAA ta fara yi wa gasar ƙasa a 1997. Kwale-kwale ɗaya yana ɗaukar mutum 9, ƙungiya kan kai 60 ko 100, kuma ana iya koya wa babbar yarinya tuƙi cikin 'yan watanni. Jami'o'in da ke tsakiyar ƙasa, nesa da teku, suka nemi tafki ko madatsar ruwa, masu horarwa suka riƙa tsayawa ranar rajistar sababbin ɗalibai suna taren duk doguwar yarinyar da ta gifta. Yawancin matan nan su ma 'yan kawo-kai ne, abin da masu kukan an kashe al'adar kawo-kai ba su cika ambata ba.

Inda mata suka yi wuyar samu sai aka koma maguɗi. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa a Jami'ar South Florida, wadda ta kafa ƙungiyar ƙwallo a 1997, an rubuta mata 71 a jerin masu gudun dogon zango, amma fiye da rabinsu ba su yi tsere ko ɗaya ba a 2009, wasu ma ba su san suna cikin ƙungiyar ba. A wasu jami'o'in, mazan da ake kawowa su taya 'yan ƙwallon kwando mata atisaye, a takardar gwamnati mata ne. Ana ƙirga mai gudu ɗaya sau uku, don ta yi na daji, ta yi na cikin zaure, ta yi na fili. A Jami'ar Quinnipiac an nemi soke ƙwallon raga ta mata a maye gurbinta da gasar 'yan rawar zuga 'yan kallo, mai shari'a Stefan Underhill ya hana a 2010. A shari'ar ce aka ji yadda ake cire sunayen wasu maza kafin ranar ƙirga, a mayar da su bayan ta wuce.

Mazan da suka cutu da gaske suna nan, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Wani rahoton ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka a 2001 ya nuna ƙungiyoyin kokawa na jami'o'i sun ragu da 171 tsakanin farkon shekarun 1980 da ƙarshen na 1990. Alkafurar maza ta kusa ƙarewa. A 2006 Jami'ar James Madison, inda mata suka kai kashi 61, ta soke ƙungiyoyi 10 a rana ɗaya, 7 na maza 3 na mata, ta ce doka ce ta tilasta mata. Masu horar da kokawa sun kai gwamnati ƙara a 2002, aka kori ƙarar. Kwamitin da gwamnatin George W. Bush ta kafa ya kawo shawarar a daina sa 'yan kawo-kai cikin lissafi, tunda kusan ba sa cin kuɗin kowa. Mambobi biyu, Julie Foudy 'yar ƙwallon ƙafa da Donna de Varona 'yar ninkaya, suka ƙi sa hannu, suka rubuta nasu rahoton. A Yulin 2003 gwamnati ta bar ma'aunin yadda yake.

Ni dai ina ganin matan nan biyu sun fi gaskiya. Ɗan kawo-kai yana amfani da koci da likita da fili da sunan jami'a, kuma da an cire shi daga lissafi da ƙungiyoyin ƙwallo sun kumbura zuwa 200 ba mai cewa uffan. Sannan babu inda dokar ta ce a soke kokawa. Rahoton nan na 2001 da ya ƙirga asarar 'yan kokawa ya nuna 'yan ƙwallon ƙaruwa suka yi a wannan lokacin. James Madison ba ta taɓa ƙungiyar ƙwallonta ba. Akwai jami'o'in da ke kwana da 'yan wasansu a otal daren wasan da za a yi a gida, a garinsu. A Nuwamban 2023 Texas A&M ta kori kocinta Jimbo Fisher, ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don ya tafi ya zauna. Wannan kuɗin zai riƙe ƙungiyar kokawa da ta ninkaya shekara da shekaru. Idan darakta ya tara 'yan kokawa ya ce musu mata ne suka cinye gurbinsu, ya san abin da yake ɓoyewa.

Abin da dokar ta haifar kuwa ba a ɓoye yake ba. A 1972 'yan matan da ke wasa a makarantun sakandaren Amurka ba su kai 300,000 ba, yanzu sun haura miliyan 3. A jami'o'i daga wajen 30,000 sun wuce 200,000. A filin nan na Nebraska, gidan 'yan kawo-kai, ranar 30 ga Agusta, 2023, mutum 92,003 suka taru kallon ƙwallon raga ta 'yan matan jami'ar, taron da aka ce ba a taɓa yi wa wasan mata irinsa ba a duniya. Manoman da suka aiko 'ya'yansu maza su ne suka cika kujerun don 'ya'yansu mata.

Wa ya kawo 105?

Rigimar da ta haifi sabon adadin ba ta da alaƙa da mata. Rigimar kuɗi ce. Shekaru aru-aru NCAA tana cewa 'yan wasanta ɗalibai ne masu wasa don sha'awa, don haka haramun ne a biya su, alhali ana sayar da rigunansu da hotunansu. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli 9 suka haɗu a kan cewa hukumar ba ta fi ƙarfin dokar hana babakere a kasuwa ba. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su yi talla da sunansu. Ƙarar da wani ɗan ninkaya na Arizona State, Grant House, da 'yar ƙwallon kwando Sedona Prince suka shigar a 2020 ta nemi diyyar shekarun da aka hana su. Da NCAA da manyan rukunonin jami'o'i suka ga hukunci zai iya talauta su, sai suka nemi sulhu: diyyar dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, kuma kowace jami'a ta iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

A cikin sulhun aka soke iyakar 85, domin ita ma kotu na iya kiranta haɗin baki don hana yara haƙƙinsu. Yanzu jami'a na iya biya wa kowa kuɗin makaranta. To amma in ba iyaka ko ɗaya, Alabama da Ohio State za su sayi yara 150 su ajiye. Sai aka mayar da iyakar daga kan tallafin karatu zuwa kan kawuna: ƙwallo 105, ƙwallon kwando 15, kokawa 30, kwale-kwalen mata 68. Shugabannin rukunonin jami'o'i da lauyoyi ne suka zauna suka yanke, ba wata ƙungiyar mata a teburin, ba kuma ɗan kawo-kai. Wuƙar ta sari mata ma, don akwai 'yan ninkaya da masu gudu mata da aka sallama tun kafin a tabbatar da sulhun.

Koke-koken waɗannan yara ne suka sa mai shari'a Wilken ta ƙi sa hannu a Afrilun 2025, ta ce sai an san yadda za a yi da waɗanda ke cikin ƙungiya a lokacin. Aka dawo mata da gyara: duk wanda sabuwar iyakar ta ci gurbinsa ba za a sa shi cikin ƙirga ba har ya gama karatu, ko a jami'arsa ko a wata. Sai dai ba a wajabta wa kowace jami'a ta mayar da shi ba. An rage zafin na 'yan shekaru ke nan, ƙannensu kuma 105 za su tarar.

Akwai wani abin dariya a nan. Da kowace jami'a za ta biya wa duka 105 ɗin, da ɗan kawo-kai ya zama tarihi. Amma Babi na Tara ya ce kuɗin tallafin karatu ma sai an raba daidai da yawan 'yan wasa maza da mata, don haka ƙarin gurabe 20 ga maza yana jawo kwatankwacinsu ga mata, kuɗi ninki biyu. Jami'o'i da yawa suka ja da baya, rukunin SEC mai ƙarfin ƙwallo ma ya tsaya a kan 85 ɗinsa a kakar 2025. Guraben kawo-kai 20 da suka rage a irin waɗannan ƙungiyoyi, dokar da ake zagi tana cikin abubuwan da suka tsare su.

Babban faɗan yanzu a kan rabon kuɗin ne. A tsarin diyyar, wajen kashi 75 na 'yan ƙwallo ne, 15 na ƙwallon kwandon maza, 5 na ta mata, 5 na duk sauran. A Janairun 2025 gwamnatin Biden mai barin gado ta ce kuɗin da jami'a za ta raba yana ƙarƙashin Babi na Tara, a Fabrairu gwamnatin Trump ta janye maganar. Kwanaki kaɗan bayan sa hannun Wilken wasu 'yan wasa mata 8 suka ɗaukaka ƙara.

Daga Lalala zuwa Samaru

A Lalala, unguwar kudancin Libreville ta hanyar Owendo inda Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma ke kasuwanci, yaron da ke mafarkin wasa Faransa yake kallo. Amma hanyar jami'o'in Amurka ba baƙuwa ba ce a Gabon. Stéphane Lasme na Port-Gentil ya yi ƙwallon kwando a Jami'ar Massachusetts har Golden State ta gasar ƙwararru ta NBA ta zaɓe shi a 2007. Chris Silva, haifaffen Libreville, ya tafi yana matashi ba ya jin Turanci, ya kai Jami'ar South Carolina wasan kusa da ƙarshe na ƙasa a 2017, ya wuce Miami Heat. A Najeriya jerin ya fi tsawo. Christian Okoye ya bar Enugu a 1982 don jifan faifai a Azusa Pacific, ya fara taɓa ƙwallon Amurka yana da shekara 23, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, ya bi ta wata ƙaramar kwaleji a Dakota ta Arewa, ya zo ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ma an kafa ƙungiyar zari-rugar Amurka mai suna Titans.

Sai dai ƙofar kawo-kai ba ta taɓa zama tamu ba. Ɗan kawo-kai shi ke biyan kuɗin makaranta, dubun-dubatar daloli a shekara ga baƙo, kuma ofishin jakadanci ba ya ba da bizar karatu sai ya ga shaidar kuɗin a banki. Ko an shiga, bizar ɗalibi ta taƙaita aikin da zai iya yi, har tallan da abokan wasansa Amurkawa ke samun kuɗi da shi. Duk dillalin da ya zo wa Alhaji a shago da maganar a kawo miliyoyin sefa a kai yaro Amurka ya je ya gwada sa'arsa a ƙungiyar jami'a, a tambaye shi takardar tallafin karatu mai sa hannun jami'ar. In babu, yaron zai je ne neman ɗaya daga cikin gurabe 20 da 'ya'yan gari ke layi a kansu.

Ƙofar da ta buɗe wa Afirka sosai ta mata ce. Jami'ar da ke da maza 105 a ƙwallo dole ta nemo mata masu yawa, ta kuma biya musu karatu, kuma koci ba ya son ya cika gurbi da wadda ba za ta ci masa maki ba. Shi ya sa suke zuwa har Legas da Kingston da Nairobi. Mary Onyali ta yi Texas Southern, Falilat Ogunkoya ta yi Mississippi State, dukansu suka ɗauko wa Najeriya lambar tagulla a Atlanta a 1996. Blessing Okagbare da Tobi Amusan ta Jami'ar Texas da ke El Paso suka bi, kuma Amusan ce ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100, daƙiƙa 12.12, a Yulin 2022. A duba sunayen nan a ga daga wane ɓangaren ƙasa suka fito. Wanda zai ce sutura ce ta hana namu, Bilqis Abdul-Qaadir ta buga wa Jami'ar Memphis ƙwallon kwando da hijabinta, Ibtihaj Muhammad ta yi wasan takobi a Duke ta kuma ci tagulla a Rio a 2016 kanta a rufe.

Mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan muhawara, don mun daɗe a cikinta. Shiga jami'o'in tarayya a Najeriya kashi 45 ne na cancanta, 35 na 'yan yanki, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma ɗan Arewa ya sha jin gorin wai gurbin wani ya ci. Amsar da muke bayarwa ita ce wadda kotu ta ba Brown: ba a kulle mutum shekaru sannan a ce ba ya son fita. A Nijar dokar kaso ta shekarar 2000 ta ɗaga matan majalisa daga 1 a 1999 zuwa 14 a 2004. Gabon ta yi tata a 2016, kashi 30 na 'yan takara ga mata, 20 ga matasa. Dabarun kauce wa irin wannan doka ma mun san su, a jera sunayen mata a ƙasan takarda inda kujera ba ta kaiwa, kamar dai masu gudu 71 na South Florida. Wanda ya kare kwota lokacin da take amfanarsa ba shi da bakin kushe ta ranar da ta zo kan 'yarsa.

Kocin tsere a Texas lamba yake tambaya: daƙiƙa nawa, a wace gasa, da wane agogo aka auna. Yarinyar da ke tsere wa duk sa'o'inta a sakandaren 'yan mata a Katsina ko Maraɗi, ko 'yar Bahaushen Lalala da ke gaba a ajinta ranar wasanni, yawanci ba ta da wannan lambar, don gudunta ya tsaya a gasar cikin makaranta, ba wanda ya rubuta. Filin Ahmadu Bello na Kaduna da na Sani Abacha a Kano da na Seyni Kountché a Yamai duk an yi su da layin tsere. Kafin ta taka shi tana buƙatar uban da zai sa hannu a takardar izini, da shugabar makarantar da za ta nemo mota da malamar rakiya.